Wai gudu ba ya kisa, rashin iya tuƙi ne?

Mai BMW: Jama'a, ina nan a kan bakana. Gudu ba ya kisa, rashin iya tuƙi ne ke kisa. Ku dubi Autobahn, babbar hanyar mota ta Jamus, wurare da dama babu iyakar gudu, kuma ba a kwasar gawa kullum. Duk hatsarin da aka yi sai a ce 'yan son mota ne. Abin yana min ciwo.

Makaniki: Ƙanena, ni nake karɓar motocin bayan an ja su. Na sha ganin sitiyari ya lanƙwashe, inji ya shigo har wurin ƙafar direba. A gudun kilomita 120, motarka tana cin mita 33 duk daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka riga ka wuce wannan. Kuma in ka ninka gudu daga 60 zuwa 120, tazarar tsayawa bayan ka taka birki sau huɗu take ninkuwa. Gwanintarka ba ta canza wannan lissafin.

Mai BMW: Oga, ai birkin motata ba irin na Corolla ba ne. Tana da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, tayoyinta masu faɗi ne.

Mai Corolla: Corolla ma tana da ABS, Malam. A bar motata ta huta.

Malama: Tunda ka kawo Jamus, mu ƙarasa labarin. Ko a Autobahn, 130 ake ba da shawara, kuma wanda ya wuce haka ya yi hatsari yana iya ɗaukar wani kaso na asarar ko da ba shi ya jawo ba. A 2016 wasu matasa biyu suka yi tsere a tsakiyar Berlin, suka keta jar danja, ɗaya ya banke motar wani dattijo ɗan shekara 69 ya mutu nan take. Kotu ta kama shi da laifin kisan kai, aka yi masa ɗaurin rai da rai. A 2017 suka mai da tsere a titi laifi mai zaman kansa, ɗauri har shekara 10 in an rasa rai.

Mai BMW: To amma Malama, waɗannan 'yan ganganci ne. Ni ban taɓa buge kowa ba. In kwana ya ƙare kuma, ko a 40 kake sai ka tafi.

Alhaji: A'a yaro, kar ka fake da ƙaddara. Kwanan kowa a hannun Allah yake, amma ƙafar da ta taka totur taka ce. Ni ma ina son mota, ƙarar inji mai silinda takwas har yau tana faranta min rai. Abin da ke damuna shi ne mu da kanmu. Mutum zai ɗauki bidiyo ya ƙure maleji, hannu ɗaya a waya, mu bi shi da jinjina. Ranar da ya take yaron wani kuma sai kowa ya yi tsit. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

Makaniki: Ko Volvo tun 2020 ta ƙayyade sababbin motocinta a 180.

Mai BMW: Wannan kam ban yarda da shi ba, Baba. A hukunta mai laifi, a ƙwace lasisinsa, amma kar a daƙile motar. Na dai yarda a daina turo bidiyon tsere a nan. Nawa guda biyu zan goge yanzu.