Musayar Waƙa: Gem ɗin Ƙuruciya da Nutsuwar Zuciya

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kawo baitoci a kan na'urar gem, wato wasan talbijin irin na Mario, da muka buga muna yara a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon "wa" a ƙarshen kowane baiti.

Da sunan Ilahu nake fara zance,
Ya ba ni basira, kalami ya dace,
Tunanin ƙuruciya ne ya kasance
Abin da zuciyata ta ƙi mantawa.

A ɗakin Kawuna, bisa kan tabarma,
Akwati na talbijin, ba shi da girma,
Ya kawo na'ura, abin alfarma,
Kejetia ya sayo ta, cikin kasuwa.

Kaset in ya ƙi, sai mu hura da baki,
Mu mayar a hankali, ba wani raki,
Da hoto ya fito, shiru ya cika ɗaki,
Numfashin kowa kana iya jiyowa.

Na manta da yunwa, na manta da suna,
Ban san da ƙafa ko da sauran jikina,
Mario yana tsalle, ni ne a raina,
A nan ne na fara sanin nutsuwa.

Da girma ya zo, na shigo cikin sahu,
Ina neman halartar zuci da ruhu,
Sai na gane ƙofar da Rabbi Allahu
Ya fara nuna mini tun ina tasowa.

Malamin Asawase:
Wa alaikumus salam.

Ƙanena, ka tsara, na yaba maka baiti,
Amma ruhu bai shiga cikin akwati,
Ladan na kira, kuna ƙara sauti,
Magariba na wucewa, kuna dannawa.

Abin da ka ji, shagala ce, ba ka sani ba,
Mai caca ma bai jin kiran uwa ko uba,
Na tuna ranar da allonka bai wanku ba,
Don Mario ya hana ka haddacewa.

Hajiya 'Yar Nima:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Aboabo. Malam, a gafarce ni in sa baki, domin ku maza kuna magana ne a matsayin masu riƙe madanni na farko, alhali a wasan Mario na mutum biyu, mai madanni na biyu, wato mai wasa da Luigi, ba ya taɓa komai sai na farko ya rasa ransa.

A Nima madanni na biyu ne rabona,
Luigi yana jira har Mario na wana
Ya faɗa a rami; na zauna da kaina
Ina yi masa fatan tsira da faɗuwa.

Nan na fara ganin hassada a zuciya,
Ban kai shekara goma ba a duniya,
Na ji kunyar Allah, ni 'yar yarinya,
Kafin wa'azi ya kai ni ga ganewa.

Ɗan Mamobi:
Allahu Akbar! Baiti biyu na Hajiya sun fi bakwai na mutanen Kumasi nauyi, kuma duk mai adalci ya san cewa Accra, garin Hajiya, ce ta ɗauki wannan zama.

Mai Aruli:
Kafin a raba kambu, a bari a auna kaya. Ɗan Aboabo ya buɗe da karin Mutaƙarab, wanda cikakken ɗangonsa gaɓa 12 ne, kuma ɗangayensa biyu na farko sun zauna daram. Ɗangon Malam mai cewa "Abin da ka ji, shagala ce, ba ka sani ba" gaɓa 14 ne, saboda haka ya fita daga ma'auni. Hajiya kuma ta bar jimlarta ta tsallaka daga ɗango na biyu zuwa na uku, abin da kunnena bai saba da shi ba. A ƙasar da Alhaji Umaru ya zauna a Kete-Krachi yana rubuta waƙa da Larabci da Hausa har rasuwarsa a 1934, bai kamata mu yi sakaci da awo ba.

Malamin Asawase:
Ka ƙirga gaɓa, ka bar abin da ke gabanka,
Ana batun sallah, kana duba ma'auninka,
Tun yaushe muke jiran baiti ɗaya naka,
Mai gyaran waƙa da ba ya iya rerawa?

Mai Aruli:
Idan ka buƙaci awo, zo ka gan ni,
Na'urar Atari ta fara riƙe ni,
Awo shi ya sa gem da waƙa su kai ni
Wurin da zukata suke nutsuwa.

Na'urar da nake nufi mai sanda ɗaya ce da jan maɓalli ɗaya, wadda ta fito a Amurka a 1977, kawuna ya kawo mana ita daga Jamus bayan ta tsufa a can. Wanda ya danna kafin lokaci ya faɗi, wanda ya makara ma ya faɗi, kuma hannun da ya koyi wannan lissafi shi ne yau yake jin inda gaɓa ta yi yawa.

Ɗan Mamobi:
Mai Aruli, tsallaken jimlar Hajiya ado ne, domin ta sa mai karatu ya jira faɗuwar Mario kamar yadda ita ta jira. Da ɗan Kumasi ne ya yi, da ka ce fasaha ce.

Baban Zango:
Yara, ku sassauta, kada awo ya cinye maganar da aka taru dominta. Ni ba mawaƙi ba ne, amma na ga lokacin da idona. Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar gem mai suna Famicom a Japan a watan Yuli na 1983, shekarar da mu nan muke fama da fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma 'yan'uwanmu kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, saboda haka babu mai zancen gem a Zango a wannan lokaci. Super Mario Bros ya fito a 1985, amma abin da ya shiga ɗakunanmu daga baya yawanci kwaikwayon Famicom ne mai araha, da kaset rawaya wanda aka rubuta masa dubban wasanni a jiki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne wasan ba ya ajiye inda mutum ya tsaya. Duniya takwas ne, kowace da mataki huɗu, da rai uku ake farawa, kuma da zarar an kashe na'ura sai a koma farko. Ku haɗa wannan da rabon wutar 1998, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, za ku gane irin zaman da yaran nan suka yi a gaban talbijin.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Baba, ka share mini hanya.

Malam, batun Magariba akwai gyara,
Kawu kan zare waya da ladan ya fara,
Mu yi alwala mu bi shi, manya da yara,
Ba mai gardama, ba mai tsayawa.

Wani dare a duniya ta takwas, ga ni,
Rai ɗaya ya rage, yara sun kewaye ni,
Wuta ta ɗauke, duhu ya rufe ni,
Aikin yini ya tafi ba dawowa.

Na yi kuka, Kawu ya kunna fitila,
Ya ce, ɗana, abin da ka tara da wahala
Haka za a ɗauke shi in Sarki Jalla
Ya so, kuma ba a yi maka sanarwa.

Direban Kaneshie:
Ku yafe jinkirina, ina bisa hanya,
Ni Tetris na buga, dare har safiya,
Tubalansa sun zauna min a zuciya,
Ko na rufe ido suna ta zubowa.

Na tayar da Isha'i, ina cikin Fatiha,
Suna sauka gabana, babu raha,
Don haka ni na karɓi wannan nasiha,
Ina bayan Malam, ba na janyewa.

Mai Aruli:
Direba, "babu raha" ciko ne aka sa don amsa-amo kawai, kuma ɗangon ya gaza tsawon 'yan'uwansa.

Malamin Asawase:
Ƙanena, Allah ya jiƙan Kawunka,
Maganarsa gaskiya ce, ta ratsa ranka,
Amma shi ne malamin, ba na'urarka,
Ba don shi ba, kuka ne ribar zaunawa.

Hajiya 'Yar Nima:
Malam, kun amsa wa Ɗan Aboabo sau biyu, kun amsa wa Mai Aruli, amma baitocina suna nan ba a taɓa su ba. Ni ba ni da Kawu a ɗakin nan namu na Nima, babu babban da ya san abin da ke raina sa'ad da Yaya yake tsallaken rami, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Ba wanda ya zauna ya yi min bayani,
Madanni na hannu, ni kaɗai na gani,
To wa ya nuna min wannan lahani?
Ina jiran baitinku, Malam, da amsawa.