Canza taya a bakin titi: abin da aka tattaro

Ga taƙaitaccen abin da jama'a suka faɗa kan abin da direba zai yi in tayarsa ta yi faci a hanya.

1. Kowa ya yarda: in taya ta yi faci, kada ka taka birki da ƙarfi. Rage gudu a hankali, ka sauka gefe inda ƙasa ke da tauri, nesa da kwana.

2. Ja birkin hannu, sa giya, kunna fitilun gargaɗi. A sauke fasinjoji su matsa nesa da kwalta, a kara dutse a wata tayar.

3. Sassauta notuna tun mota tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak. In wurin yashi ne, sa katako ƙarƙashin jak. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota.

4. Wajen ɗaurewa, bi notunan a gicciye. Ƙaramar safaya kada ta wuce kilomita 80 a awa.

Inda aka rabu: wasu sun ce zuba ganye a titi ya isa, mafi yawa suka ce a ajiye jar alama mai kusurwa uku, don ganye ba ya haskawa da dare. Ina tare da masu jar alama.

Batun faci da dare a daji ma an ja: wasu sun ce a canza nan take, wasu suka ce a lallaɓa har gari wurin mai faci, ko da tayar za ta lalace.