Wai dole ne mai kamfanin fiya wata ya kwaso ledarsa?

Mai Inji Biyu:
Salam jama'a, dan Allah tambaya gare ni. Ina da ɗan kamfanin fiya wata a wajen Dakace a Zariya, takardar NAFDAC ɗinmu lafiya lau. To jiya a wajen ɗaurin aure wani yake ce min wai akwai doka, duk wanda ya zuba kaya a leda ko gora shi ke da alhakinta ko bayan an sha an yar. Abin ya ɗaure min kai wlh, ruwan da motata ta sauke a Samaru da Kwangila da PZ, ni zan bi kwatoci ina tsintar leda kenan?

Ɗan Gyallesu:
Alhaji gaskiya ya faɗa maka, amma ba yadda ka ɗauka ba. NAFDAC ruwan take dubawa, maganar shara kuma ta NESREA ce, hukumar muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007, tsarin suna ce masa EPR, wato nauyin ledarka bai sauka daga kanka ba don ta fita daga get. Ba wanda ya ce ka saɓa buhu, kamfanoni ne ke haɗa kuɗi a ƙungiya ɗaya ita kuma ta ɗauki nauyin tarawa da sake sarrafawa. Manyan sun yi tasu tun 2018, FBRA, su Nestlé da Seven-Up da masu Coca-Cola duk suna ciki. Kai dai fara tuntuɓar ƙungiyarku ta masu kamfanonin ruwan leda da gora, ATWAP, sannan ka leƙa KEPA tunda su ne hukumar muhalli ta jihar Kaduna.

Maman Biyu T/Wada:
Hmm ai gara a matsa muku Alhaji, ka yi haƙuri fa. Ka zo layinmu da damina ka ga yadda kwata ke amai, ba komai a ciki sai ledar fiya wata, bara tunkiyata ta daina cin abinci tana ta ramewa da aka yanka ta leda ce dunƙule a tumbinta. Legas ai tun Janairun 2024 suka hana farin takeawe ɗin nan na soso, mu kam sai dai mu yi ta yashe kwata.

Jari Bola Sabon Gari:
Bari in faɗa maka yadda kasuwar take Alhaji, tunda mu ne a ciki. Komai a kilo muke saye. Gora yara na tsinta don tana da masu so, masu zoɓo da kunun aya ma sun isa su kwashe ta kafin ta zo sikeli, amma leda ba nauyi, yaro zai yini ya cika buhu a ɗora a ga abin tausayi, ga taɓo ga ruwa a ciki sai an wanke an shanya kafin injin niƙa ya karɓa, shi ya sa suke tsallake ta su nemi ƙarfe. Wadda muke so ita ce ta cikin kamfani, gutsuren rol ɗin leda da wadda inji ya fasa, tsaf take ba datti. Kar ka ƙona ta. Sannan ka ba kowane dila buhu ya rataye a bakin shago, motar da ta kai ruwa ai wayam take dawowa, ta ɗauko maka. In muka saya ka karɓi rasit ka ajiye, ranar da aka zo tambaya kana da abin nunawa.

Mai Inji Biyu:
Tab, mu da muke cinna mata wuta duk Asabar a bayan katanga. Na gode malam, akwai wajen buhu shida yanzu haka a sito, yaushe za ka turo yaranka da sikeli?