Farfasa Standard Oil a 1911: hukunci aka yi wa Rockefeller ko gata?

Malam Sani: Ni fa duk yabon da ake yi wa masu yaƙi da manyan kamfanoni a Amurka a farkon ƙarni na 20 bai shige ni ba. Kotun Ƙoli ta farfasa Standard Oil, katafaren kamfanin man fetur na attajiri John D. Rockefeller, gida 34 a 1911, to sai me? Rockefeller yana da hannun jari a kowane gida, darajarsu ta tashi, shi kuma ya ƙara kuɗancewa. Wannan ai gata ne.

Hajiya Binta: Malam, aljihun mutum ɗaya kake leƙawa. Ba yawan kuɗinsa ne laifin ba, yadda yake murƙushe na ƙasa da shi ne. Kamfanonin jirgin ƙasa suna yi masa ragin kuɗin dako a asirce. A wata yarjejeniya da kamfanonin jirgin a 1872 ma har an tsara a riƙa ba shi kaso daga kuɗin dakon da abokan hamayyarsa suka biya. Ka ɗauka kai ne mai 'yar ƙaramar matata a Pennsylvania: duk gangar da ka loda, kana ciyar da mai neman ganin bayanka. Mahaifin 'yar jarida Ida Tarbell yana cikin waɗanda abin ya shafa, ita ce kuma ta tona asirin kamfanin a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904.

Usman: Hajiya, a yi haƙuri, amma Exxon da Mobil duk 'ya'yan Standard Oil ne, kuma a 1999 suka sake haɗewa. An raba gado, magada sun koma gida ɗaya.

Hajiya Binta: Bayan shekara 88, Usman. A tsakani fa?

Bello: Ni ina bayan Malam Sani, amma da wani dalili. Kafin hukuncin ma ƙarfin kamfanin ya fara raguwa. Da aka samu mai a Spindletop, jihar Texas, a 1901, sababbin kamfanoni irin su Gulf da Texaco suka taso. Kasuwa ce ta fara aikin, kotu ta zo ta karɓi tafi.

Yaya Garba: Kun maƙale a kan mai, alhali babban ciwon a siyasa yake. Kafin 1913 ba jama'a ke zaɓen sanatoci ba, majalisun jihohi ne. Mutum nawa ne a majalisar jiha? Attajiri ɗaya zai iya saye su. William Clark, mai ma'adinan tagulla a Montana, haka ya samu kujera a 1899, da bincike ya tsananta ya ajiye ta a 1900. Gyaran tsarin mulki na 17 ne ya mayar da zaɓen hannun jama'a. Tun 1907 kuma dokar Tillman ta hana kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi. Malam, wannan ma gata ne?

Malam Sani: Yaya, Clark ɗin ai ya sake komawa majalisar dattawa a 1901, ya cinye wa'adinsa cif. Sannan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United na 2010 ya ba kamfanoni damar kashe ko nawa ne kan tallan siyasa, in dai ba hannun ɗan takara suka damƙa ba. An toshe ƙofa, an bar taga.

Yaya Garba: Na yarda da maganar Clark, ban san za ka tono ta ba. Amma a 1906 aka yi dokar duba nama bayan marubuci Upton Sinclair ya fallasa ƙazantar mayankan Chicago. Wannan kam talaka ya gani a tukunyarsa.

Bello: Sinclair kansa halin ma'aikatan mayankan ne ya dame shi, majalisa ta gyara naman ta bar su yadda suke.

Hajiya Binta: To Malam, in a 1911 kai ne alƙali, barin kamfanin za ka yi a dunƙule?

Malam Sani: Zan raba shi, amma sai na tilasta wa Rockefeller sayar da hannun jarinsa.

Usman: Wa ke da kuɗin saye a lokacin? Hamshaƙin mai banki J.P. Morgan?