Neman shawara: an zaɓi 'yata ta wakilci makarantarsu a gasa, babanta ya ƙi sa hannu

Maman Ummi, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. 'Yata tana aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati nan Agege. Ranar Laraba ta dawo da takarda daga malamarsu ta Turanci, cewa ita ta zo ta ɗaya a gasar harhaɗa haruffan kalmomi da aka yi a makarantar, kuma ita za ta wakilce su idan za a kara da sauran makarantu. Ana son uwa ko uba ya sa hannu, sannan za ta riƙa tsayawa bita bayan an tashi, har wajen la'asar. Lokacin kuma shi ne na shigarta Islamiyya, ga shi ta yi nisa a haddar Alƙur'ani.

Babanta yana harkar tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, tun duku-duku yake fita, sai bayan isha'i ya dawo a gajiye. Da na nuna masa takardar sai ya ce shi bai ga dalilin da 'ya mace za ta riƙa yawo makaranta-makaranta a cikin Legas ba, a bar wa masu gari abinsu. Tun ranar yarinyar ba ta cin abincin kirki, littafin kalmomin ma a ƙarƙashin filo yake kwana. Ni kuma ban san kan abin ba balle in yi masa bayani. Yaya zan yi?

Malama Maman Sadiq, Mushin:
Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya yi wa Ummi albarka. Ina koyarwa a makarantar gwamnati, bari in warware miki. Makarantun sakandaren gwamnatin Legas an kasa su gunduma shida na ilimi, kowace da babban sakatarenta. Ku kuna Gunduma ta Ɗaya, wato Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye, ofishinta ma yana nan Agege kusa da ku. Mu nan Mushin muna ta Shida tare da Ikeja da Oshodi-Isolo. Irin wannan gasa hawa-hawa ake yi: daga cikin makaranta, sai makarantun yanki, sai gunduma, sannan jiha. Ke nan matakan farko ba nisa za ta yi ba. Wanda ya ci na jiha shi ake naɗawa Gwamnan Kwana Ɗaya, a kai shi ofishin gwamna a Alausa, kuma tun 2001 ake yin haka, 'yan mata ma sun sha ci.

Kada ki sa hannu a ɓoye wa babanta, wannan zai ɓata komai. Ki je makarantar da kanki, ki nemi malamar ko mataimakin shugaba, ki tambayi wace malama mace ce za ta raka ta, da wace mota za a tafi, ƙarfe nawa za a dawo, kuma wa zai biya kuɗin mota. Ki karɓi lambar malamar. Mu malamai daɗi muke ji idan uwa ta zo da irin waɗannan tambayoyi.

Baban Khalifa, Alaba Rago:
Ni dai ina bayan maigidanki, kuma kada a ga laifinsa. Mutumin da yake shan cunkoson Ketu da Ojota kullum ya san abin da hanya take. Yarinya budurwa ta baro makaranta bayan kowa ya watse, wa zai rako ta? Idan akwai yayanta namiji da zai riƙa ɗauko ta, to da sauƙi. In babu, a yi haƙuri da gasar.

Malam Abu Hafsa, Idi-Araba:
Hajiya, a matsayina na mai koyarwa a Islamiyya, abin da yake ƙona mana rai shi ne yaro ya ɓace ba sanarwa, sai bayan wata guda ya dawo tilawa ta zube. Idan iyaye suka zo suka yi magana, ana samun mafita. Galibin Islamiyyunmu ba a karatu Alhamis da Juma'a, sai ki roƙi malamar boko ta mayar da yawancin bitar Ummi waɗannan ranaku. Ranar da ta ci karo da karatu kuma, ta biya haddarta bayan sallar asuba, ta kai wa malaminta Asabar. Yarinyar da ta saba riƙe shafi guda na Alƙur'ani a ka, kalmomin Turanci ba za su gagare ta ba, ina ma kyautata zaton haddar ce ta kai ta ga wannan matsayi. Amma hadda ita ce gaba, a gaya mata wannan ƙarara.

Anti Bilki, Ijaiye:
Maganar "a bar wa masu gari abinsu" ce ta taɓa ni. Baban Ummi ya yi haƙuri, amma Hausawa sun zauna Agege tun zamanin fataucin goro da shanu, har sarkinmu gare mu. A nan aka haifi yaran nan. Tun da aka kafa dokar 2018 da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, suna karanta shi a aji, a unguwa ma suna magana da shi kamar 'yan gida. Idan yarinyar ta kai aji uku, gwamnatin jihar ce za ta biya mata kuɗin jarrabawar WAEC kamar kowa.

In kuma hijabi ne damuwarsa, tun watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Da hijabinta za ta hau dandamali.

Abin da ya fi damuna shi ne taron iyaye. Duk lokacin da na je na makarantar yarana, sai in tarar iyayen Yarbawa da na Ibo sun cika benci, wata ma da goyo da robar kayan sana'arta a gefe, namu kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A can ake sanar da ranar wasannin motsa jiki tsakanin rukunonin ɗalibai, da gasar muhawara, da ƙungiyar kimiyya, da lokacin rajistar jarrabawa. Shi ya sa labari ba ya zuwa mana sai ta bakin yara, rabi da rabi. Ki ce a saka lambarki a zauren WhatsApp na iyayen ajinsu. In Turancin ya yi yawa, Ummi ta karanta miki.

Baban Khalifa, Alaba Rago:
Anti Bilki, maganar taron iyaye gaskiya ce, ban musa ba. Amma har yanzu ba a ba ni amsar wanda zai rako ta gida ba.

Maman Ummi, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta wa babanta amsoshinku, har da naka Baban Khalifa. Bai ce e ba tukuna, amma ya ce ranar Litinin zai bar wa yaronsa rumfa mu je makarantar tare ya ga malamar da idonsa. Maganar rakiya kuma, ƙanena yana ɗinki a Pen Cinema, ya ce zai riƙa biyawa ya ɗauko ta. Malama Maman Sadiq, don Allah ƙarfe nawa ya fi dacewa mu isa mu samu shugaban makarantar, kafin taron safe ko bayansa?

Malama Maman Sadiq, Mushin:
Bayan taron safe, wajen ƙarfe tara. Ku tafi da takardar, ku rubuta sunanku a littafin baƙi a bakin ƙofa, sannan ku fara neman malamar Turancin, ita za ta shigar da ku wurin shugaba.