Neman shawara: wane taken ƙasa za mu sa a wasan ƙarshe na gasarmu a Jidda?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirya gasar ƙwallon ƙafa ta matasanmu a nan Jidda bayan Babbar Sallah, har mun kama fili. Akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, ga kuma Hausawan Sudan da yaƙi ya koro tun 2023. Yara sun ce ranar wasan ƙarshe a jera 'yan wasa a sa taken ƙasa, kamar yadda suke gani a talabijin. To nan fa kai ya rabu. Wasu 'yan Najeriya sun ce su "Arise, O Compatriots" suka sani tun firamare, wasu kuma sun ce tun 29 ga Mayu 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu aka koma "Nigeria, We Hail Thee". Zumunci ne ya sa muka haɗa abin nan, ba na so a watse da gaba. Don Allah ku ba ni shawara.

Ɗan Damagaram, Makka: Wa alaikumus salam, yayana. Ai mu ma namu ya canja. A watan Yuni 2023, kafin juyin mulkin Yuli, aka ajiye "La Nigérienne" da ake rerawa tun 1961, aka kawo "L'Honneur de la Patrie". Wanda ya shiga YouTube da gaggawa sai ya ɗauko tsohon bai sani ba, kuma wallahi yaranmu ba za su yi shiru ba.

Malamin makaranta, Riyad: Kada ka raina wannan lamari, manya ma sun sha kunya a kansa. A gasar Olamfik ta Faris, ranar 28 ga Yuli 2024, Sudan ta Kudu za ta kara da Puerto Rico a ƙwallon kwando, sai aka sako mata taken Sudan. Ƙasar da ta ɓalle a 2011 bayan yaƙin da ya ci rayuka bila adadin, a sa mata taken waɗanda ta rabu da su! 'Yan kallo suka yi ta ihu, aka katse, aka sa na daidai, daga baya masu shirya gasar suka ba da haƙuri. A Kuwait kuwa, a 2012, 'yar Kazakistan ta ci zinare a harbi, tana tsaye ana karrama ta aka sa waƙar ba'a ta wani fim a madadin taken ƙasarta, don daga intanet aka sauko da ita. Shawarata: kowace ƙasa ta ba da mutum ɗaya mai hankali, ya saurari nata daga farko har ƙarshe tun ana gobe wasan. Na Najeriya kuma a sa wanda doka ta tsayar, ko da zuciya na son wancan.

Bakano, Karantina: Malam, a yi min haƙuri. "Arise" 'yan ƙasa ne suka tsara shi, muka rera shi daga 1978 har 2024. Wannan da aka dawo da shi wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta baitocinsa, kuma cikin kusan mako guda majalisa ta gama komai. Ka jera yara a fili su yi zuru, babu mai motsa baki, ina amfaninsa?

Hajiya, Madina: Ɗana, ni abin da ya fi damuna yaran Sudan ɗin nan ne. Wasu sun baro gidajensu a Omdurman da Wad Madani, ba su san halin da danginsu ke ciki ba. In aka sa na Najeriya da na Nijar aka bar nasu, za su ji an ware su. In kuma aka sa, ka shirya ganin hawaye. Ka zauna da manyansu tukuna, su faɗa maka abin da suke so. Jikokina da aka haifa a nan kuwa, na Saudiyya kaɗai suka iya.

Baba Alhaji, Shari' Mansur: Mu baƙi ne a ƙasar nan, kafin komai ka tambayi mai filin ko ya yarda da lasifika da tutoci. A Riyad, ranar 29 ga Disamba 2023, wasan Super Cup na Turkiyya tsakanin Galatasaray da Fenerbahçe ya wargaje, 'yan kallo suna zaune, saboda saɓani kan riguna masu hoton Ataturk, wanda ya kafa Turkiyyar zamani, da kyallayen rubutu. Balle mu da iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ke hannun kafili mai ɗaukar nauyinmu. Akwai kuma iyayen da ba sa son kiɗa, za su iya janye 'ya'yansu. Ni da ni ne, yaro mai murya ya buɗe da karatun Alƙur'ani, a yi wa ƙasashen uku da wadda ta karɓe mu addu'ar zaman lafiya, alƙali ya hura usur.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gobe bayan isha'i zan je wurin mai filin, Juma'a kuma in zauna da dattawan Sudan kamar yadda Hajiya ta ce. Ɗan Damagaram, ka turo min sabon na Nijar in ajiye, ko da an yanke a sa.