Iba1 ya ƙi kama maikrogiliya a ƙwaƙwalwar ɓera, ina neman shawara

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin lab. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a nan Jos, kuma wata guda ke nan ina fama da abu ɗaya.

Ina son gano maikrogiliya, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, a naman ƙwaƙwalwar ɓera da antibodin Iba1, wato sinadarin da ke manne wa furotin Iba1 da ke jikinsu don a iya ganinsu. Na yanka naman da kaurin maikron 5 daga kakin farafin, na dafa shi a ruwan sitiret mai pH 6 minti 20 don buɗe wurin da antibodi ke kamawa, na kashe ferokzidas (sinadarin cikin naman da kan jawo launin ƙarya) da haidrojin ferokzaid kashi 3. Da na zuba DAB, sinadarin da ke fitar da launi a inda antibodi ya kama, sai gilashin duka ya yi ruwan ƙasa, babu ƙwaya ɗaya mai rassa irin ta maikrogiliya da ta fito.

Abu biyu nake zargi. Naman ya kwana 12 a fomalin (ruwan adana nama), wanda na san yana toshe wurin da antibodi ke kamawa. Sannan firijinmu ya sha mutuwa saboda ɗauke wuta, ga antibodin da tsada, kwalba ɗaya tak gare mu.

Shin dafawa a ruwan EDTA mai pH 9 maimakon sitiret zai ceto naman? Kuma saifa za ta yi a matsayin gwajin tabbatarwa cewa antibodin na aiki? Allah Ya saka da alheri.